Haƙorin da Farce Ya Gane

Mai Farce ake ce masa a layin, kuma ba a yi masa ƙage ba. Farcen babban yatsansa na hagu ya bari ya yi tsawo, shekara talatin da biyu yana kiwonsa kamar ɗan akuya: ya kankare gefensa, ya shafa masa mai, in zai shiga motar haya ya naɗe yatsan cikin tafin hannu kada tsautsayi ya gifta. Ga shi ba ya barin komai ya huta. Mataji, zip ɗin jaka, bakin wuƙar yanka burodi, duk abin da ke da tsaga-tsaga sai ya ja farcen a kai ya ji ƙararsa. Matarsa ta yi mita har bakinta ya gaji.

"Malam, wannan abu ba ado ba, ba tsafta ba. Ka bari in datse shi mu huta."

"Tsohuwa, da shi kike cin abinci. Ki dai iya bakinki."

Sai ta ce ai abin mamaki ba ya ƙarewa, mutumin da haƙora huɗu suka rage masa a baki wai shi ne alƙalin haƙora.

To, gaskiyarta, alƙalin haƙora ne, amma ba na mutane ba. Haƙoran dainoso yake dubawa, manyan dabbobin nan na farkon duniya masu siffar ƙadangare, waɗanda suka mutu tun babu mai ba da labari, ƙasa ta rufe su har ƙasusuwansu suka koma dutse. Masu haƙa su tono su a ramuka can nesa da gari, dillalai su kwaso su cikin kwali da tsumma, shaguna su saya su sayar wa makarantu da gidajen tarihi da masu sha'awar ajiye irin waɗannan abubuwa. 'Yan sana'ar ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna, haƙorin dutse kawai suke cewa. Kuma in aka zube maka goma a tebur ka sami biyu da hannun mutum bai taɓa ba, ka gode wa Allah. Sauran an liƙa, an cike, an shafa launi, wani ma kan wannan ne aka ɗora wa gindin wancan. Shi ya sa kafin mai shago ya saya, dole a sami wanda zai ce e ko a'a. Wannan e da a'a ita ce duk dukiyar Mai Farce a duniya. Gidan da yake ciki na haya ne, haihuwa kuma sun yi sau uku, babu wanda ya tsaya. Abin da ya mallaka kawai shi ne in ya ce e, babu mai sake tambaya.

Shagon da yake aiki ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da jakunkuna. Teburinsa na lungu kusa da taga, an shimfiɗa masa koren bargo don kada abu ya gangara. A kai akwai kyandir da allura, auduga, kwalbar ruwan nan da mata ke goge jan-farce da shi, da wani tsohon buroshin goge baki da gashinsa ya baje. Madubin ƙara girma kuwa a wuyansa yake rataye da igiyar takalmi.

In aka miƙa masa haƙori, ba ya fara dubawa. Rufe ido yake ya ɗora shi a tafin hannu ya ji nauyinsa da sanyinsa, don dutse yana riƙe sanyi, roba ba ta riƙewa. Sai ya ƙwanƙwasa shi a kan ɗaya daga cikin haƙoransa huɗun nan: na gaske ƙwas yake yi, wanda aka cike kuwa ƙararsa a dushe take. Daga nan ya ɗauko madubi ya bi launin daga tsini zuwa gindi, ya ga ko akwai inda ya sauya farat ɗaya. In ya ga an bar yashi manne a wani wuri sai ya yi murmushi ya ɗauko buroshi, don a cewarsa duk inda dillali ya bar ƙasa, akwai abin da ya binne. Ya goga auduga ya ga ko launi zai biyo ta. Ya gasa allura ya ɗana a inda yake zargi, ya sunsuna, don gam ba ya ɓoye warinsa in ya ji wuta. Sai a ƙarshe farce ya fito. Haƙoran masu cin nama suna da gefe biyu masu tsaga-tsaga kamar bakin zarto, sun fi na mataji ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zai ɗora farcen a tsini ya ja shi a hankali zuwa gindi, kansa a karkace yana saurare, kirrr. Inda hannun mutum ya taɓa, farcen sai ya yi tuntuɓe.

Kuma yana da doka ɗaya da kowa ya san shi da ita: bai taɓa cewa a'a bai nuna dalili ba. "Zo ka gani," zai ce wa dillali, ya sa masa madubi a ido, ya nuna masa layin gam ɗin har sai mutum ya ji kunya da kansa. Wasu sukan tafi suna zagi, amma gobe su dawo, don takardar shaidar ingancin haƙori da ya sa wa hannu ta fi ta kowa daraja a garin.

Mutane sukan ce baiwa ce. Baiwar ina! Abin da ba su sani ba, kuma Maigida mai shagon har ya koma ga Allah bai sani ba, shi ne Mai Farce ya san inda ake ɓoye ƙarya ne saboda shi ma ya ɓoye ta da hannunsa. Yana saurayi, a wani gari kusa da ramukan, shekara shida ya yi a wani ɗaki bayan wurin wankin mota yana haɗa karyayyun haƙora wa dillalai. Kuma duk garin babu mai hannunsa.

Na ƙarshe da ya yi shi ne gwaninsu. A shekarar farko ta aurensu ne. Wani dillali ya kawo masa kan haƙori mai kyau da babu gindi, da gindi mai kyau da babu kai, dabbobi biyu daban amma launinsu kamar an haɗa baki. Wata biyu ya yi a kansu. Ya huda ciki ya sa guntuwar wayar tagulla, ya zuba gam can ciki inda allura ba za ta kai ba, sa'an nan ya rufe mahaɗar da ɓarɓashin fatar haƙori ta gaske, ɗaya bayan ɗaya, da tsinken ashana. Abin da ya rage shi ne tsagar gefen, guda bakwai, da zai yanka da ƙaramin magagari a inda biyun suka haɗu. Ya sa amaryarsa ta riƙe masa haƙorin da hannu biyu a kan gwiwarta, rana tsaka, ƙofa a buɗe don haske. Ya yanka uku lafiya lau. Yana kan ta huɗu ƙurar dutse ta shiga hancinta, ta yi atishawa, magagarin ya zurma ya wuce kima. Ya yi faɗa kamar zai ari baki, ita kuma tana ta dariya har da hawaye. Ya ƙarasa sauran ukun, ya goge, ya duba: ido ba zai taɓa gani ba.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya saya, a gabansa. Ya karɓe shi da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri, ya ce shekara arba'in yana koya wa yara labarin waɗannan dabbobi a allo bai taɓa riƙe ko guntun ƙashinsu ba, ya yi wa wanda ya tono shi addu'a, ya yi wa wanda ya kawo shi addu'a. Mai Farce yana tsaye a gefe yana cewa amin. Ranar bai iya cin abinci ba. Cikin watan ya tattara matarsa suka bar garin. Maigida ya gamu da shi a kasuwar duwatsu yana ja wa wani haƙori farce yana girgiza kai, ya tambaye shi dalili, ya nuna masa, ya ɗauke shi aiki nan take. Bai tambaye shi inda ya koya ba, shi kuma bai faɗa ba.

Shekaru suka tura. Maigida ya rasu, shago ya koma hannun 'yarsa ta ƙarshe, wadda Mai Farce ya sha goyawa a kafaɗa tana wasa da madubinsa. Auta yake ce mata, ita kuma Kawu, ko da yake babu jinin da ya haɗa su. Mijinta shi ake ce wa Injiniya, ba don ya taɓa gyara ko tocila ba, sai don son na'ura. Shi ya kawo wata fitila mai shuɗin haske da ke sa gam ya yi ƙyalli, da wani madubi mai haɗe da allon kwamfuta, ya jera su a ɗaya gefen shagon. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana gaida Mai Farce har da rusunawa. Amma kullum yana gaya wa matarsa cewa masu saye na yanzu hoto suke so su gani, ba labarin farce ba.

Ga kuma abin da Mai Farce ke ɓoyewa ban da tsohon sirrinsa: ido ya tafi. Shekara biyu ke nan wani hazo ya zauna masa a tsakiyar gani, gefe-gefe kawai yake gane abu. Likita ya ce irin wannan ba a wanke shi. Yana dai sa madubin a ido yana gyaɗa kai don kada a gane, amma tafin hannu da haƙoransa huɗu da farce su ke aikin. Kullum da safe in ya zauna a kujerar nan sai ya tambayi kansa, ko yau ce ranar da asiri zai tonu.

Ranar ta zo wata Laraba da hantsi. Wani dillali da ake kira Dogo ya shigo rungume da ƙaramin akwatin katako, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ce a rufe ƙofa.

"Hajiya, yau na kawo miki abin da mahaifinki ya mutu yana nema. Daga gidan wani tsoho ya fito, magada ke rabon kaya. Cikakke ne, tsini har gindi, ko ƙwarzane babu."

Ya buɗe. Auta ta dafe ƙirji. Injiniya ya saki salati. Haƙori ne da ya kai tsawon tafin hannun babban mutum, a lanƙwashe kamar wuƙa, launin ruwan shayi, yana sheƙi. Shagon ya daɗe kasuwa na ja da baya, kuma Auta ta san akwai wani gidan tarihi na yara da ya sha tambayarta irin wannan. In ta saye shi, duk abin da shagon ya tara zai tafi a kansa, amma sunan mahaifinta zai sake tashi a layin.

Injiniya ya fara. Ya ja labule, ya kunna fitilarsa, ya juya haƙorin gaba da baya. Babu inda ya yi ƙyalli. Ya sa shi a ƙarƙashin madubinsa, tsagar gefen suka fito a allo manya-manya kamar haƙoran kada, a jere reras. Ya ce, "Tas yake." Auta ta ɗauko shi da kanta ta kai teburin lungu.

"Kawu, sai kai."

Ya karɓa ya rufe ido. Nauyi daidai, sanyi daidai. Ya ƙwanƙwasa a haƙori, ƙwas. Ya sa madubi ya yi abin da ya saba yi na gyaɗa kai. Auduga ta fito fara fat. Allura ba ta ba da wari ba. Har ransa ya fara yin fari, don shekara talatin da biyu bai taɓa riƙe cikakke mai wannan girma ba. Ya ɗora farce a tsini ya ja.

Kirrr, har ya wuce tsakiya. Sai farcen ya ji tsaga uku, ya faɗa cikin ɗaya mai zurfi, ya fito ya ji uku, ya ci gaba.

Ya tsaya. Ya koma tsini ya sake ja. Uku, mai zurfi, uku. Kuma bakwai ɗin nan sun ɗan kwanta ta ɓangaren da hannun bahago ke kwantar da magagari, shi kuwa bahago ne. Ya ja karo na uku, ba don yana shakka ba, don dai ya ja lokaci. Sai ga ɗakin bayan wurin wankin mota, ga ƙofa a buɗe, ga yarinya da haƙori a kan gwiwa tana dariya har da hawaye. Rana dubu ta ɓarawo. Shi da yake jiran ido ya tona masa asiri, ashe ta wannan ƙofar za a shigo masa.

Gaba kura, baya sayaki. In ya ce e, kowa zai yi murna, kujerarsa ta tsira, kuma babu mahalukin da zai taɓa ganewa, don shi ya san irin aikin da ya yi. Amma hannun da ya ƙera ƙaryar shi zai sa hannu a takardar shaidarta, Auta ta zuba gumin ubanta a kan dabbobi biyu da wayar tagulla, a kai wa yara su yi ta kallo. In kuwa ya ce a'a, dokarsa na jiransa: sai ya nuna. Me zai nuna? Da kansa ya toshe duk hanyar da za a bi a gane.

"Auta," ya ce, "kada ki saya."

Dogo ya ce, "A'a! Baba, lafiya?"

"Haɗi ne. Kan daban, gindin daban."

Injiniya ya matso da ladabi. "To Baba, nuna mana. Ai kai ka koya mana haka."

Mai Farce ya kama yatsan Injiniya ya ɗora a gefen haƙorin, ya ce ya ja. Injiniya ya ja da guntun farcensa na ɗan ofis, ya ce shi bai ji komai ba. Ya mayar da shi ƙarƙashin madubinsa, ya nemo wurin, ya ce e, akwai tsaga ɗaya da ta ɗan fi sauran zurfi, amma ai dabba ce ta ci nama da ƙashi da shi, dole wata ta fi wata. Kuma maganarsa ba ƙarya ba ce, haka na gaske suke. Ya dawo da haƙorin ya ajiye a kan koren bargon ba tare da ya yi motsi mai ƙara ba.

"Ga shi Baba, sake dubawa da madubinka."

Mai Farce ya miƙa hannu ya damƙi bargo. Haƙorin yana can gefe, tazarar taƙi guda. Ya lalubo hagu, ya lalubo dama, ya ture kwalbar ruwan goge jan-farce ta kife, kafin yatsunsa su same shi. Duk su ukun sun gani.

To tunda ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya ajiye madubin ya faɗa musu. Ya faɗi garin, da ɗakin, da shekara shidan. Ya faɗi wayar tagulla da ɓarɓashin fata da tsinken ashana. Ya faɗi atishawar. Ya ce, "Ni na yi shi. Da wannan hannun." Yana faɗa yana jin kamar ana sauke masa buhun siminti daga ka, don ya ɗauka iyakarta a kira shi maƙaryaci, ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Dogo ne ya fara fashewa da dariya, har yana dukan cinya.

"Wallahi Baba ka iya labari! In kai ka ƙera wannan, to ni na haƙa teku da cokali. Hajiya, Allah Ya ba mu tsufa mai kyau."

Injiniya bai yi dariya ba. Abin da ya yi ya fi dariya muni: ya dafa kafaɗarsa a hankali ya ce, "Baba, ka sha maganinka yau kuwa?"

Mai Farce ya ce, "Ku kai shi a ɗauki hotonsa irin na ƙashi da ake yi a asibiti, za ku ga wayar. Ko ku fasa shi a nan, in babu ku ɗaure ni."

"A fasa?" in ji Dogo, ya fizge akwatinsa. "Hajiya, akwai mai jirana kafin la'asar. In ba ku so, ku sallame ni."

Auta ta kama hannun Mai Farce ta ja shi ɗakin baya, inda ake tara kwalaye da tsintsiya da tukunyar dafa shayi. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Kawu, tun yaushe idon?"

"Shekara biyu. Amma Auta, maganar haƙorin nan..."

"Ka san a gaban wa ka yi wannan magana? Dogo bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kafin magariba duk layin nan sun ji. Takarda nawa ka sa wa hannu a shagon nan? Kowace makaranta, kowane gida. In aka ce mai duba mana kaya tsohon mai haɗi ne, gobe duk za su dawo da su ƙofar nan. Sunan Baba fa? Yana kwance a kabari za a ce da saninsa."

"Ban taɓa sa hannu a ƙarya ba. Ko sau ɗaya."

"Wa zai yarda?"

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani.

"In aka ce tsufa ne, kowa zai ce Allah sarki, a wuce wurin. A bar kaza cikin gashinta, Kawu."

"Ke fa? Ke kin yarda ni na yi shi?"

Ta sa hannu ta gyara masa wuyan riga, ta cire wani zare da ya maƙale a igiyar madubin, kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Ya ji numfashinta na mai danne kuka. A nan ya gane ta yarda, kuma yardar ba za ta hana komai ba.

"Ka je gida ka huta," ta ce.

Ta saya. Injiniya ne ya sa hannu a takardar, aka buga hatimin shagon, hatimin da duk darajarsa daga farcen nan ta fito.

Ba a kore shi ba, a'a, ai mutanen kirki ne. An yi masa sallama ta mutunci, aka ba shi sabuwar riga da agogon bango, shi da ba ya ganin lamba, aka rataye hotonsa kusa da na Maigida. Labari kuwa ya zaga yadda Auta ta so: Mai Farce ya fara ruɗewa, wai har cewa yake shi ya ƙera haƙorin dainoso. Mai gyaran agogo, abokin hirarsa na shekara ashirin, ya koma gaishe shi da ƙarfi yana rarraba kalmomi kamar mai magana da kurma. Dillalan da ya sha kunyatawa suka sami abin nema, in sun hango shi sai su ce, "Baba, yau me aka ƙera? A yi mana ƙafar giwa mana!" Da ɓarawo suka kira shi da ya fi masa sauƙi, don ɓarawo ko ba komai an yarda ya yi abin da ya ce ya yi.

Bayan mako biyu ya bi ta layin, ya tsaya a gaban gilashin shagon. An ce masa haƙorin na nan a kan baƙin ƙyalle, an haska masa fitila, kafin gidan tarihin su zo ɗauka. Ya matsa har goshinsa ya taɓa gilashi. Wani dishi-dishi kawai ya gani mai launin shayi. Ta gefen ido ya hango lungunsa: an ɗauke koren bargon, allon Injiniya ne a wurin. Bai shiga ba, kuma ba a fito ba.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa a tire. Duk kwanakin nan bai gaya mata dalilin zamansa ba, cewa ya yi ido ne. Ya zauna a kan benci ya faɗa mata duka. Ta ajiye tiren.

"Mai wayar tagullar nan? Wanda na yi atishawa?"

"Shi."

"Ikon Allah. Ai har yau in na tuna faɗan da ka yi mini sai in yi dariya." Amma ba ta yi dariyar ba. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Tashi mu je. Ni zan gaya musu, ai a kan gwiwata aka yi shi."

"Su ce mu biyu muka ruɗe. Zauna, Tsohuwa."

Ta zauna. Motoci na wucewa a titi, wani maƙwabci na ta buga ƙusa a bango. Can ya miƙa mata hannun hagu, babban yatsan a sama.

"Ɗauko abin yankan farcen nan."

Matar da ta shekara talatin da biyu tana roƙon wannan rana sai ta tsaya tana kallon hannun.

"Malam, ka bari sai gobe mana."

"Yanke."

Farcen ya yi kauri, abin yankan ya ƙi kama shi. Sai da ta ɗumama ruwa a kwano ya tsoma yatsan ya yi laushi, sa'an nan ta datsa sau uku kafin ya fita. Ta tsince guntayen daga cinyarta ta riƙe a hannu, ta rasa inda za ta zuba su.

Shi kuma hannunsa ya tafi da kansa, kamar kullum, ya lalubo matajinta a kan benci, ya ja yatsan a kan haƙoransa daga wannan gefe zuwa wancan. Babu ƙarar da ta fito. Ya ajiye matajin, ya tambaye ta ko da sauran ruwan zafi a yi shayi.